Halin Mai Magana da Nauyin Maganarsa: Batun Bertrand Russell da Addinin Kirista



  

Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau ya taso ne daga wajen yaranmu masu karatu a jami'a da sauran manyan makarantu. Kowa ya sani, mu da muke zaune a nan Ibadan, tun daga kakanninmu da aka yanka wa Sabo a 1916, ba mu taɓa rabuwa da Kirista ba. Shi ne mai sayen namanmu, shi ne likitan da ke duba iyalinmu, ɗansa da ɗanmu benci ɗaya suke zama a aji. To inda ake irin wannan cuɗanya ba a rasa gardamar addini, a mota ne ko a ɗakin kwanan ɗalibai, balle yanzu da kowa ke riƙe da waya. Abin da aka lura kuwa shi ne, gardamar ba ta jimawa a kan magana sai ta sauka a kan mutum. Yaro Musulmi zai ɗauko littafin wani Bature da ya soki addinin Kirista, ya ce ga naku ma ya faɗa. Abokinsa Kirista kuma ba zai buɗe littafin ba, sai ya ce ai wannan manemin mata ne, aurensa huɗu, gidansa ma ya gagare shi. Shi ke nan a tashi baram-baram, kowa na ganin shi ya ci. Tambayar ita ce, shin munin halin mutum yana rushe sukar da ya yi wa addinin Kirista, ko kuwa maganar tana nan da nauyinta ko daga wane baki ta fito?

Baturen da aka fi ɗaukowa a irin wannan gardama shi ne Bertrand Russell, mutumin Birtaniya, saboda haka da shi za mu yi awo. An haife shi a 1872 a gidan manya, don kakansa sau biyu yana riƙe muƙamin Firayim Minista. Bai cika shekara huɗu ba iyayensa duka biyu suka rasu, ya tashi a hannun kakarsa, wata tsohuwa mai tsananin riƙon addini. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya shahara a ilmin lissafi da na manɗiƙi, har shi da malaminsa Whitehead suka wallafa wani babban littafi mai juzu'i uku a kan tushen lissafi tsakanin 1910 da 1913. An ba shi kyautar Nobel ta adabi a 1950. Ya rasu a 1970 yana da shekara 97.

Ranar 6 ga Maris, 1927, ya tsaya a wani ɗakin taro a unguwar Battersea cikin birnin Landan ya gabatar da lacca, wadda daga baya aka buga ta da sunan da ma'anarsa ita ce, dalilin da ya sa shi ba Kirista ba ne. Laccar gajera ce, mutum zai karance ta a zama ɗaya, amma an fassara ta cikin harsuna da dama, kuma ita ce yaran nan ke yawo da ita. Ya fara da bin hujjojin da malaman Kirista ke kafawa a kan samuwar Allah, ɗaya bayan ɗaya yana ƙoƙarin tunkuɗe su. Wanda ya ce komai yana da sanadi, don haka dole a sami sanadi na farko, sai ya ce masa to in haka ne shi ma na farkon a nemo masa nasa sanadin. Wanda ya ce dole akwai lahira don a saka wa waɗanda aka zalunta a duniya, sai ya kawo masa misalin akwatin lemo: idan ka buɗe ka tarar na sama duk ya ruɓe, ba za ka ce lalle na ƙasa mai kyau ne don a yi raba-daidai ba, cewa za ka yi kayan duka haka suke. Duk wanda ya taɓa kwance huhun goro ya san inda wannan misali ya dosa. Daga nan ya koma kan Annabi Isa, alaihis salam, yadda Linjilar da ke hannun Kirista ta kawo labarinsa. Ya yaba wasu kalamai, amma ya ce ba ya ganin cikar jinƙai ga mai tsoratar da mutane da wutar da ba ta ƙarewa, ya kuma yi tsiya a kan labarin la'antar itacen ɓaure da na aladun da suka faɗa ruwa. Ya rufe da cewa tsoro ne tushen addini, kuma majami'u sun daɗe suna tare hanyar ci gaban ɗan Adam.

To wannan ke nan maganarsa. Halinsa fa? A nan ma ba za mu ɓoye komai ba, don shi da kansa ya rubuta mafi yawansa a tarihin rayuwarsa. Ya auri matarsa ta farko, Alys, a 1894. Shi ya ba da labari cewa wata rana yana tafe a kan keke sai ya ji a ransa ya daina sonta, ya kuma zo ya gaya mata. Baiwar Allah nan ta yi shekara da shekaru cikin baƙin ciki, har ta mutu ba ta sake aure ba. Ya nemi matan aure, ciki har da matan mutanen da ya sani yake shiga gidajensu. Ya auri ta biyu, Dora, a 1921, bisa yarjejeniyar cewa kowa yana da 'yancin neman wanda ya ga dama a waje. A 1929 ya wallafa littafi a kan aure da ɗabi'a, yana kare irin wannan zama, yana cewa kishi abu ne da mai hankali zai iya danne shi. Da Dora ta haifi 'ya'ya biyu da wani ɗan jarida Ba'amurke, a 1930 da 1932, sai dannewar ta gagara. Auren ya mutu a 1935 bayan doguwar rigima a kan yara. Ta ukun ita ce yarinyar da aka ɗauka don kula da yaransa, ita ma suka rabu. Ta huɗu ya aura a 1952 yana da shekara 80, da ita ce ya zauna lafiya har ya mutu.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Wannan mutumin dai shi ne ya rasa aikinsa na koyarwa a Kambirij a 1916, aka kuma kai shi kurkuku a 1918 bisa hukuncin ɗaurin wata shida, saboda ya ƙi goyon bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1961, yana tsoho mai shekara 89, aka sake kulle shi na mako guda saboda zanga-zangar ƙin makaman nukiliya. Ya tsaya wa mutanen Biyetnam lokacin da Amurka ke yi musu ruwan bama-bamai, kuma saƙon ƙarshe da ya fitar, kwana biyu kafin rasuwarsa, a kan zaluncin da ake yi wa Falasɗinawa ne, aka karanta shi a wani taro a Alƙahira. Kun ga in da hali za a yanke hukunci, sai a fara tambaya, wane halin? Na cikin gida ko na bainar jama'a? Mai son ya kare shi zai ɗauki wannan, mai son ya kada shi zai ɗauki wancan, alhali har yanzu ba wanda ya taɓa batun lemo ko na sanadi na farko.

An taɓa yanke masa hukunci da halin nasa a zahiri. A 1940 wata kwaleji mallakar birnin Niyok ta ɗauke shi koyarwa. Abin da zai koyar kuwa manɗiƙi ne da tushen lissafi da na kimiyya, ba aure ba, ba addini ba. Wani babban limamin Kirista, Bishop William Manning, ya rubuta wa jaridu cewa ba a yarda a damƙa ɗalibai a hannun mai kare zina ba. Wata mata ta shigar da ƙara wai tana tsoron abin da zai sami 'yarta, alhali 'yar ba ɗalibar kwalejin ba ce. Alƙali John McGeehan ya soke ɗaukar aikin a ƙarshen Maris na shekarar, ba tare da an ba Russell damar ya tsaya ya kare kansa ba, magajin gari kuma ya cire kuɗin kujerar daga kasafi. Manyan masana irin su Albert Einstein da John Dewey sun tsaya masa, amma a banza. An kori mutumin, to laccar 1927 fa? Tana nan yadda take. Hasali ma shari'ar ƙara mata farin jini ta yi, don da aka sake buga ta cikin littafi a 1957, sai aka liƙa labarin shari'ar a bayanta, mai karatu ya riƙa ganin kamar an rasa amsa ne aka koma duka.

Yanzu bari mu dawo gida mu ari ma'auni daga sana'ar da muka sani. Ga 'yan canjinmu nan zaune a cikin wannan taro. Alhaji, idan mutum ya miƙo maka takardar dala ɗari, kana tambayarsa matansa nawa, ko yana salla? A'a. Kana murza ta ne, ka ɗaga ta a haske, ka duba zare da tambari. In mai kyau ce mai kyau ce ko ɗan giya ya kawo ta, in jabu ce jabu ce ko daga aljihun liman ta fito, don shi ma ana iya cutarsa. Amma idan mutumin nan ya ce ka ba shi kuɗi yau, gobe zai kawo maka dalar, nan fa sai ka tambayi ko shi wane ne, wa ya san shi, wa zai tsaya masa. Haka abin yake a kara. Ƙibar sa ido ke ganinta, ba ruwanta da halin dillali, amma ba da shanu bashi ga mahauci sai an san amanarsa, sai maigida ya yi lamuni. Abu na farko ana iya gwada shi nan take. Abu na biyu ba abin da ke riƙe da shi sai mutuncin mai maganar.

Wannan misali na canji ba mu muka fara shi ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo shi a littafinsa Al-Munƙizu minal Dalal, inda yake magana a kan littattafan masana falsafa. Ya nuna cewa gwanin canji ba ya tsoron zura hannu a jakar mai kuɗin jabu, don ya san yadda zai tsamo na gaske. Ya kuma kawo misalin zuma da aka zuba a ƙahon wanzami: jahili zai ƙyamace ta saboda mazubin, mai hankali kuwa ya san mazubi bai canja zumar ba. Ya ce raunin hankali ne a auna gaskiya da mutane, kamata ya yi a san gaskiyar tukuna, sannan a gane masu ita. A Sahihul Buhari ma akwai labarin Abu Huraira da ɓarawon da ya kama dare uku yana ɗibar abincin zakka, wanda ya koya masa falalar Ayatul Kursiyyu don ya sake shi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tabbatar masa cewa abin da aka gaya masa gaskiya ne, duk da cewa mai faɗar babban maƙaryaci ne, don Shaiɗan ne. A lura kuma, Abu Huraira bai riƙe maganar haka kawai ba, sai da ya kai ta inda aka tantance ta.

A ɗaya ɓangaren, babu al'ummar da ta kai Musulmi bin diddigin halin mai magana idan labari ya kawo. Malaman hadisi sun kafa fanni sukutum na jarhi da ta'adili, ba sa karɓar ruwaya sai daga adali mai kiyayewa. Alƙali ba ya karɓar shaidar fasiƙi. Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike idan fasiƙi ya zo da labari. Me ya sa aka tsananta a nan? Saboda mai ruwaya cewa yake na ji, na gani, kai kuma ba ka nan, ba ka da abin dubawa sai shi kansa. Mai kafa hujja ta hankali kuwa ya shimfiɗa kayansa a faifai, kowa na iya juya su.

To sai mu ɗauki laccar Russell mu rarrabe, wanne ne takardar dala, wanne ne alkawarin gobe. Batun sanadi na farko takarda ce, a ɗaga ta a haske. Kuma in aka ɗaga, almajirin da ya karanci Ummul Barahin ta Shehu Sanusi a zaure zai ga inda zaren ya tsinke. Malaman tauhidi ba su ce komai yana da sanadi ba. Cewa suka yi duk fararre, wato abin da babu shi sannan ya samu, dole yana da wanda ya farar da shi. Allah kuwa siffarsa daɗewa ce, ba shi da farko, don haka tambayar wa ya yi shi ba ta hau kansa ba. Masanan Kirista ma haka suka amsa. A watan Janairu na 1948 gidan rediyon BBC ya haɗa Russell da wani malamin Katolika, Fada Frederick Copleston. Wannan malami ya san labarin matan Russell sarai, duk Ingila ta sani, amma ko sau ɗaya bai ambata ba. Ya tsaya a kan cewa duk abin da samuwarsa ta rataya a kan wani, dole a ƙarshe a tuƙe ga wanda samuwarsa wajiba ce, hujjar da Ibn Sina ya tsara tun ƙarnuka da suka wuce. Russell ya amsa cewa shi a ganinsa duniya tana nan ne kawai, ba sai an nema mata bayani ba. Ba wanda ya sallama wa wani, amma duk wanda ya saurara ya tashi ya san ainihin inda saɓanin yake. A ganinmu abin da Copleston ya yi wa addininsa a wannan zama ɗaya ya fi abin da bishop da alƙalin Niyok suka yi masa nesa ba kusa ba.

Sai dai fa ba duka laccar ce hujja irin wannan ba, kuma a nan ne masu cewa hali ba ya shiga ko kaɗan suka yi gaggawa. Russell bai tsaya a rushewa ba, ya yi alkawari. Ya ce idan mutane suka yar da tsoron Allah da dokokin majami'a, suka bi ilmi da tausayi, za su fi zama lafiya, aure zai fi daɗi, yara za su tashi ba ƙunci. Wannan magana ce irin ta mai tallar magani, kuma mai tallar magani ana duban jikinsa. Ya gwada maganin a gidansa, har makaranta shi da Dora suka buɗe a 1927 don tarbiyyar yara a kan wannan tsari, nasu yaran na ciki. Daga baya shi da kansa ya rubuta cewa haƙurin da ya zaci yana da shi a kan 'yancin matarsa bai kai yadda ya ɗauka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Yarsa Katharine, wadda ta tashi a wannan makaranta, ta girma ta karɓi addinin Kirista, har ita da mijinta suka je aikin mishan a Yuganda. A 1975 ta wallafa littafi a kan mahaifinta. Ba ta zage shi ba, ƙaunarsa ce ma ta cika littafin, amma ta bayyana wahalar da yaran suka sha a rabuwar iyayensu, ta kuma ce a ganinta akwai wani gurbi a zuciyarsa da Allah ya taɓa cikawa, wanda bai sami abin da zai maye shi ba. Ta ƙara da cewa irin addinin da ya gani yana yaro, na ɗaure fuska da tsoratarwa, shi ya toshe masa kunne.

Wannan shaida ce, kuma tana da nauyi. Amma a san iyakarta. Abin da ta raunana shi ne alkawarin Russell game da aure da tarbiyya, kuma ko a nan gida ɗaya ne, don akwai gidajen masu addini da suka watse fiye da haka. Ba ta tabbatar da ko aya ɗaya ta Linjila ba, ba ta kuma amsa batun akwatin lemo ba. Wanda ya ce tunda auren Russell ya mutu to addinin Kirista gaskiya ne, ya yi tsallen da ba a ga inda zai dira ba.

Akwai kuma wani wuri da halinsa ke shigowa, ta ƙofar da shi ya buɗe da hannunsa. Wani sashe na laccar tuhumar addini ne da ayyukan mabiyansa: ƙona mutane da sunan bidi'a, farautar matan da aka ce mayu ne, da sauransu. Waɗannan abubuwa sun faru, ba mai musu. Amma in ya halatta a auna addinin Kirista da mugun aikin limamansa, to ya halatta a auna rashin addini da aikin masu shi, shi ma yana ciki. Mudun da ka auna wa mutane da shi za a auna maka.

Kuma wannan mudu ba ya zama a hannu ɗaya. A 1988 wani marubuci ɗan Ingila, Paul Johnson, mai tsananin kishin Katolika, ya fitar da littafi guda a kan manyan masana, babi-babi yana tonon asirinsu. Ya kawo Rousseau, wanda ya rubuta littafin tarbiyyar yara a 1762 alhali 'ya'yansa biyar duk gidan 'ya'yan tsintuwa ya kai su. Ya kawo Karl Marx, ya kawo Russell. Saƙon littafin shi ne kada a saurari waɗannan mutane, dubi yadda suka rayu. Bayan shekara goma, a 1998, wata mata ta fito a jarida ta ce ta yi shekara 11 tana tare da shi Johnson ɗin a ɓoye, yana da matarsa, kuma wa'azinsa a kan mutuncin iyali ne ya ishe ta. Shin daga ranar nan Rousseau ya zama bai yar da 'ya'yansa ba? Ya yar da su. Abin da Johnson ya rubuta da hujja yana nan, abin da ya ruguje ƙa'idar da ya gina littafin a kanta ce, don ita ta fara cin mai ita.

Manyanmu a nan za su tuna zamanin kaset ɗin bidiyo na muhawarar Sheikh Ahmed Deedat da mai wa'azin Kirista Jimmy Swaggart, wadda aka yi a Amurka a 1986. A 1988 asirin Swaggart da wata karuwa ya tonu, ya fito talabijin yana kuka, cocinsa ta tuɓe masa rigar wa'azi. Mutane da dama a lokacin suka ce ai ga hukuncin muhawara nan Allah ya yanke. Da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da Deedat a 1996, har ya rasu a 2005, sai wasu Kiristoci su ma suka ce ga nasu hukuncin. Duka biyu ba magana ba ce. Abin da aka faɗa a dandalin 1986 yana nan a naɗe, wanda yake son ya san wa ya fi hujja sai ya zauna ya saurara. Littattafan duka ɓangarorin ma sun raba tsakanin laifin mai faɗa da gaskiyar abin da ya faɗa. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya zargi masu umartar mutane da alheri suna mance kansu, amma bai ce alherin ya daina zama alheri ba. Linjilar Matiyu kuma ta kawo cewa an umarci jama'a su bi abin da malaman Yahudu ke karantarwa, su bar abin da suke aikatawa.

Ku kuma yaranmu masu yawo da laccar Russell kuna murna, akwai maganar da ta shafe ku kai tsaye. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kusan rabin laccar nan a kan samuwar Allah ne, ba a kan abin da ya raba mu da Kirista ba. Wutar da ya ce rashin jinƙai ne a tsoratar da ita, mu ma mun yi imani da ita. Wanda ya ce Buda da Socrates sun fi shi, Annabin Allah ne da imaninmu ba ya cika sai da shi. A gabatarwar bugun 1957 Russell ya jera manyan addinan duniya, ya ambaci Musulunci da sunansa, ya ce a ganinsa duka ba gaskiya ba ne kuma suna da cutarwa. Saboda haka mai ɗaukar wannan wuƙa ya yanki maƙwabci, ya sani ba ta da ƙota. Kada kuma kyautar Nobel da gwanintar lissafi su ruɗe ku. Gazali ya yi gargaɗi a kan wannan ma: mutum ya ga ƙwarewar masana falsafa a lissafi, sai ya ɗauka maganarsu a kan Ubangiji ma haka take da ƙarfi, alhali gwani a fanni ɗaya yana iya zama ɗan koyo a wani. Yadda aure huɗu bai ƙaryata Russell ba, haka juzu'i uku na lissafi ba su gaskata shi ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne zamanmu a nan. Mu 'yan kaɗan ne a tsakiyar jama'a mai yawa, kuma duk lokacin da wani da ake kira Bahaushe ya yi abin kunya, ko wasu 'yan ta'adda suka yi ɓarna a Arewa da sunan addini, mu ake nuna wa yatsa a kasuwa, a ce ga addininku nan. Mukan amsa cewa a duba abin da littafi ya ce, a bar aikin wane. Amsa ce mai kyau, amma ba za ta karɓu daga bakinmu ba idan gobe aka ji ɗanmu yana kada Kirista da labarin fastonsa, ko yana tsallake hujjar wani da labarin matansa. Maƙwabci yana ji, kuma yana ajiyewa.

Gazali da ya ce gwanin canji ya zura hannu a jaka, ya kuma ce wanda bai iya ba a riƙe masa hannu, kamar yadda ake hana wanda bai iya iyo ba shiga kogi. Yaranmu kuwa sun riga sun shiga, littattafan nan suna cikin wayoyinsu, ba mai iya ƙwacewa. Shi ya sa muke roƙon malamanmu, Allah ya gafarta muku, da shugabannin ƙungiya, a ware dare ɗaya a mako bayan sallar isha'i don ɗaliban manyan makarantu, a karanta musu Ummul Barahin da Hausa, a bar su su kawo tambayoyin da suke ji a aji ba tare da an ce musu sun kafirta ba. Masu digiri a cikinmu kuma su zo su zauna kusa da malam, su fassara masa abin da Baturen ya ce daidai yadda ya faɗe shi, ba ragi ba ƙari, don a amsa masa abin da ya faɗa ɗin.

Ran Sarki ya daɗe, a nan za mu dakata don a ba masu tambaya dama.